Yadda Na Je Auna Idon Jirgin Nasara

Waɗanda ke wurin ranar da muka tashi, ga su. Ni Falmata, da kuke ce wa Iya. Malam Tanko tafinta, mai juya maganar Nasara. Sanda marini, mai baƙin turkuɗi. Wani shofer, wato direba, ɗan ƙasar yamma, wanda bai iya komai a Hausa ba sai zagi. Sai Nasaran kansa, da muka raɗa wa suna Jan Wuya. Masu rakiya kuma, autana Mamman ya tsaya yana kumbure-kumbure, matarsa Hauwa tana leƙe ta bayan ƙyaure da goyo a baya. Liman bai zo ba, ya dai aiko a ce mini ya ji labari.

Na jera sunayen ne don mai shakka ya je ya tambaye su. Tun da na dawo, ba ni iya kai zare wurin masaƙi sai an tare ni a hanya, a ce Iya yaya aka yi, Iya da gaske ne. Bakina ya gaji. Shi ya sa na zaunar da Malam Habu ɗan ƙanwata da alƙalaminsa, tunda ni ban taɓa riƙe allo ba. Na gaya masa in ya gyara mini magana zan gane.

Ku mutanen Zango kun san mafari, amma a rubuta don na nesa. Da jirgin sama ya fara bi ta kanmu, wani mai shara a bariki ya ce ya ga takarda a teburin Nasara, ga ganuwar Birni a jiki, ga duwatsu, ga kasuwa. Ya ce akwai ido a cikin cikin jirgin, shi ke ɗauke duk abin da ke ƙasa. Maganar ta fita bariki tana ganin ganuwa. Kafin ta iso masallacinmu, har tana ƙirga jigidar mace. Liman ya tara magidanta ya ce kowa ya rufe tsakar gidansa, kuma kada mace ta sake wanka da rana a makewayi marar rufi.

Mamman ba ya yin abu rabi. Ya kafa dirkoki ya lulluɓe gidan da zana daga zaure har madafa. Ga bazara ta shigo. Hayaƙin girki ya rasa mafita, ya riƙa zagaye mu. Jaririn Hauwa ya feso da ƙurajen zafi, ya kama tari, tarin nan na ƙaruwa. Matan da nake ba auduga su yi mini kaɗi suka fara kawo zare mai ƙulle-ƙulle, don a duhu suke kaɗawa. Na ce wa Mamman ya cire ko da zana ɗaya ce a saman murhu. Ya ce, "Iya, Liman ya faɗa. So kike Nasara su ga matata?"

Na ce, "Kai ka ga idon?"

Ya ce ba sai ya gani ba.

Ana nan sai ga Malam Tanko da sallama, wai ana neman farin saƙi mai yawa, an ce nawa ya fi na kowa haske. Na ce Nasara ne ya mutu? Ya yi dariya ya ce a'a. An aiko wa Jan Wuya sabon ido daga ƙasarsu, madubi ne da ake ɗaurawa a bakin akwatin hoto, yana so ya auna shi da tsohon ya ga wanne ya fi gani.

"Ido ake aunawa kamar gero?"

"Ana aunawa, Iya. Za a shimfiɗa fari da baƙi a fili, jere da jere, daga masu faɗi zuwa sirara. Jirgi ya bi ta sama ya ɗauka. Inda idon ya kasa raba fari da baƙi, nan ne iyakar ganinsa."

Na ajiye mazari. Na ce masa farina ba ya zuwa inda ban je ba. Ya ce tafiyar ba ta tsofaffi ba ce. Na ce to ya je ya nemi na wata. Ya tafi, ya zaga gari, ya dawo. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, ba tsaron fari ya ɗaga ni ba. So nake in ga iyakar ganin nan da idona, kafin hayaƙi ya kashe mini jika.

A kan kamyo, babbar motar kaya, muka tashi, ni da Sanda bisa ƙullin kaya, Jan Wuya a gaba rungume da akwati biyu kamar mai tagwaye. Ba mu yi nisa ba muka tarar da shingen gardi-sarki, masu tsaron Nasara. Malam Tanko ya miƙa takarda, gardin ya juya ta sama da ƙasa, ya ga dai ba za ta yi masa magana ba, sai ya zagayo ya ɗaga wuƙar bakin bindiga zai soka ƙullina ya ji me ke ciki. Na doke masa hannu. Ya zaro ido. Na ce, "Ba kai ne ɗan Gaji mai ƙosai ba? Ni na riƙe ka ranar suna. Cire mini ƙarfen nan." Ya cire, har da gaisuwa. Gaskiya ban san ko ɗan wa ne ba, amma yawancinsu akwai wata Gaji a danginsu.

Kamyo kuwa, duk wanda ya ce muku ya fi jaki bai hau ba. Jaki in ya gaji tsayawa yake. Wannan nutsewa yake. Kafin Tirmini ya binne ƙafafunsa a rairayi, yana kuka yana ƙara shiga. Shofer ya sauko ya zagi motar, ya zagi rairayin, sa'an nan ya hau baya ya kama ƙullin farina zai shimfiɗa ƙarƙashin ƙafar mota. Na je na zauna a kai. Ya zage ni da Hausa. Na mayar masa da Barbarci, wanda na gada wurin kakata, ya fi nasa tsawo. Aka saro ƙirare aka sa, motar ta fito, ta yi ɗan gaba, wani abu ya karye a cikinta. Nan muka bar su shi da ita suna ta yi, muka ƙarasa a ƙafa.

A Tirmini aka sauke mu gidan mai gari. A nan na fara ganin cin abincin Jan Wuya da kyau. Mutum ne babba, amma nama daga gwangwani yake ci, naman da Allah kaɗai ya san ranar yanka shi. Ba ya cewa kowa bismillah. Ruwa sai ya dafa, ya bar shi ya huce, kana ya sha, wato ya wahalar da itace a banza. Abu ɗaya na yaba masa. Kafin ya ci, kafin ya wanke fuska, sai ya buɗe akwatunan nan ya duba idanun, ya hura musu iska, ya share su da wani lallausan gashi. Na leƙa sau ɗaya. Madubi ne mai kauri, faɗinsa kamar bakin ludayi, in ka duba ciki ka ga kanka a kife. Na kai yatsa zan taɓa, ya yi wata ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Malam Tanko ya ce wai yana roƙona in yi haƙuri. Na ce, "Tanko, abin da ya faɗa bai kai haka tsawo ba."

Daga nan takarkari muka hau har muka wuce Takieta, muka sauka wani ƙauye da ke da fako shimfiɗe, ba itace ba dutse. Shi suke nema, don a gari duwatsu da inuwa sun yi yawa. Ni aka kai ni ɗakin uwargidan mai gari, Tabawa, mace mai jiki da dariya. Furarsu ta fi tamu tsami, tuwonsu da dusarsa, miyar kuka ba daddawa sai gishiri. Na ci, ban yaba ba, ban kushe ba.

Abin da ya tsaya mini shi ne matansu. A waje suke sussuka, a waje suke daka, rijiya su ke ja. Makewayinsu zana ce guda a naɗe, in doguwar mace ta shiga kana hango kanta. Na ba Tabawa labarin rufin da aka yi mana, ta yi dariya har ta riƙe ciki.

"Yaya, ku mutanen birni kuna da lokaci. Mu nan ungulu ta daɗe tana kallonmu daga sama, ba ta taɓa kai ƙara ba."

Na ce ungulu ba ta da takarda.

Aka shiga shimfiɗa. Jan Wuya da igiyar awo, mazan ƙauye da turaku da duwatsun dannewa, ni ina bin su ina duba hannun kowa kafin ya taɓa mini fari. Rukunin farko kowane layi faɗinsa kamu biyu, fari, baƙi, fari, baƙi. Na biyu kamu guda. Sai taƙi, sai tafin hannu, har aka sauko kan ƙwaryar saƙi ɗaya mai faɗin yatsa uku. Wasu an miƙe su gabas, wasu kudu, wai ido na iya ganin na tsaye ya kasa na kwance. Da aka gama sai fakon ya zama kamar bayan wata ƙatuwar zabuwa.

Sanda kuwa sai yawo yake yana ƙirji. Manyan marina sun ce masa kada ya kunyata gari a gaban Nasara, don haka ya zo da turkuɗin da ya sha shuni ya sha bugu, irin wanda Buzu ke sayar da raƙumi ya naɗa. Yana ta ce mini, "Iya, dubi ƙyalli. Naki kusa da nawa kamar baiwa kusa da gimbiya." Na ce za mu gani.

Jirgin ya zo da hantsi ya sauka a gefen fakon. Awaki suka watse, maza suka hau rumbu, mata suka tsaya suna kallo. Jan Wuya ya ɗaura akwati a wani rami a cikin jirgin, ya shiga bayan matuƙi, suka tashi. Da rana ta take tsaka suka riƙa bi ta kanmu, su je su dawo. Suka sauka aka canza ido, suka sake tashi.

Hoton ba takarda yake fara zama ba. Faifan madubi ne, sai an shiga da shi wata baƙar laima an yi masa wanka da ruwan magani mai warin tsiya. Da Jan Wuya ya fito da na farko ya ɗaga shi sama, na matsa na duba, sai na ga farina ya koma baƙi ƙirin. Na kama rigar Malam Tanko na ce su biya ni. Ya ce in je in duba fakon. Na je, fari na nan fari. Wai a faifan komai a juye yake, sai an buga shi a takarda yake komawa daidai. Ban yarda ba sai da na gani.

Amma Jan Wuya ransa ya ɓaci. Inda ya kamata a ga layi-layi, sai wani dunƙule guda, ba a raba nawa da na Sanda. Ya zagi sabon ido. Aka wanke faifan tsohon ido, shi ma haka. Ya zauna ya dafe kai. Ni ma in aikin ya ɓaci, da me zan koma gida? Washegari da rana tsaka ya sa aka ɗauko tsanin rumbu, maza suka riƙe masa a tsakiyar shimfiɗar, ya hau can ƙoli ya duba ƙasa. Sai ya kare idonsa da hannu. Ya sauko ya kira Sanda ya ce ya hau. Sanda ya hau, ya duba, ya sauko a hankali kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Ashe turkuɗin nan, in rana na bisa kai kana duba shi daga sama, walƙiya yake kamar tasa. A idon jirgi ya fi farina fari.

Hukunci ya fito ta bakin tafinta, a wanke shi har ƙyallin ya mutu. Sanda ya ce shi kam gara a yanka shi. Ya ce mabuga nawa suka karya kafaɗa a kan wannan. Ya ce ko a juya bayansa, aka juya, bayan ma ya sha bugu. Matan ƙauye suka kwashe zuwa rijiya suna guɗa. Shunin da ba su taɓa samun ko na shafa goshi ba, ran nan suka yi iyo a cikinsa. Har yamma duk macen da ka gani shuɗiya ce zuwa gwiwar hannu, Tabawa har da wuya. Sanda ya zauna gindin rijiya yana kallon ruwan na bin ƙasa. Na kai masa fura na ce, "Sha, gimbiya ta yi wanka." Bai yi mini magana ba sai da muka kusa gida.

To ni duk wannan awon bai amsa mini tambayata ba. Liman ba zai tambaye ni kamu nawa ko taƙi nawa ba. Cewa zai yi, ana ganin mace ko ba a gani? Fari da baƙi ba mace ba ne. In ana so a san ko ido na ganin mai wanka, sai a samu mai wanka.

Na sami Tabawa na gaya mata. Ta ce in bari ta sa wata yarinya. Na ce a'a, ba zan jefa 'yar wani cikin abin da ni nake tsoro ba. In za a ga tsiraicin wata, a fara da wadda ta kawo maganar. Muka ɗauki zana guda muka kafa ta a naɗe, 'yan taku kaɗan daga ƙarshen shimfiɗar, muka shigar da tulu da ƙwarya. Malam Tanko ya hango ya taho da sauri.

"Iya, me ake ginawa a filin Nasara?"

"Wurin alwala. Ko shi ma sai da takarda?"

Ya dube ni, ya dubi tulun, ya juya.

Kada wata ta ce ban ji tsoro ba. Da na ji kukan jirgin ya taso, ina cikin zanar nan, hannuna ya ƙi kwance zane. Na tuna mijina marigayi, wanda har ya koma ga Allah bai taɓa ganina a hasken rana haka ba. Na tuna in abin nan ya fito, Tanko zai gani, Jan Wuya zai gani, a kai takardar bariki, mai shara ya gani, daga shi kuma sai masallaci. Sa'an nan na tuna tarin yaron nan. Na kwance. Na tsuguna na yi wanka sosai, har da cuɗa baya, jirgi na bi ta kaina yana dawowa. Tabawa na daga waje tana cewa, "Yaya, ɗaga kai ki gaishe su." Na ce ta rufe mini baki.

Wannan karon layukan sun fito. Jan Wuya ya shimfiɗa takardun a kan akwati, ya ɗora wani ɗan madubin ƙara girma, ya sunkuya yana bi daga masu faɗi zuwa sirara. Ya ga ina tsaye a kansa ba ni da niyyar tafiya, sai ya miƙo mini. Na sa ido. Na kamu biyu ga su raɗau. Na kamu guda ga su. Na taƙi, a hoton sabon ido ana raba su da ƙyar, a na tsohon sun narke sun zama kamar kunun toka. Daga tafin hannu zuwa ƙasa babu idon da ya gani. Ya nuna mini wasu takardun inda shimfiɗar ta faɗo a gefe, ba a tsakiya ba. A can ko na kamu guda sun fara dushewa. Ashe idon nan kamar na tsohuwa yake, abin da ke gabansa yake gani, na gefe sai ƙiyasi.

Na ce wa Tanko ya tambaye shi, a wannan tsayin suke bi ta kan Zango? Ya ce sun fi haka nisa, don su ɗauki gari da yawa a faifai guda.

Sai Jan Wuya ya ɗora yatsa a gefen shimfiɗar ya yi tambaya. Wani ɗan zobe ne, bai kai ƙwayar wake ba. A cikinsa ɗigo biyu, kamar ƙuda ya yi kashi sau biyu.

Malam Tanko ya ce, "Wai mene ne wannan, bai sa a ajiye ba."

Na ce, "Gaya masa ni ce, ina wanka."

"Iya, ba zan iya faɗin wannan ba."

"Aikinka ne. Faɗa."

Ya faɗa yana kallon ƙasa. Jan nan na wuyan Nasara ya hau har kunnuwa. Ya ɗauke ido daga takardar da sauri, sai kuma ya kasa haƙuri ya sake sa madubi, ya daɗe, ya ɗago ya yi magana. Tanko ya ce, "Wai yana neman gafara, amma wanne ne ke a ciki?" Na karɓi madubin na duba iyakar dubawata. Na ce a ba ni takardar. Ya ba ni da hannu biyu.

Komowa ba wani labari, sai ciwon baya. Mun tarar da shofer inda muka bar shi, ya gyara motar, ya ƙaro sabon zagi. Na iso gida bayan azahar, tun daga zaure na jiyo tarin jikana. Ban ko sha ruwa ba na ce wa Mamman ya taka mini zuwa wurin Liman.

Muka same shi a ƙofar masallaci bayan la'asar, da magidanta kewaye. Na durƙusa daga gefe na gaishe shi yadda ya kamata. Ya ce, "Falmata, an ce kin bi Nasara daji." Na ce na bi, ga tsaraba. Na ba Mamman takardar ya miƙa.

"Allah gafarta Malam, wannan aikin sabon idon ne, wanda ya fi gani, kuma jirgin ya sauko ƙasa fiye da yadda yake bi ta kanmu. Ka ga ɗan zoben nan? Makewayi ne. Akwai mace a ciki tana wanka, ba ko zare a jikinta."

Liman ya kife takardar a kan buzu ya yi a'uziyya. Mutanen da ke gefe kuwa kowa ya ƙara matsowa.

"Wace marar kunya ce?"

"Ni ce."

Mamman ya ce, "Iya!" Na ce ya yi mini shiru.

Liman ya ce bai halatta ya duba ba. Na ce, "Gaskiya ne, Malam. Amma ka yanke hukunci a kan abin da ba ka duba ba, mu muna can muna shaƙar hayaƙinsa. In ka duba ka gan ni, zunubin a wuyana, kuma ni da kaina zan ƙara zana a kan ta Mamman. In ba ka gan ni ba, ka san abin da za ka gaya wa mutanen nan."

Ya ja tasbaha. Mutum ne mai taurin kai, amma ba azzalumi ba ne. Ya juya takardar. Ya nisanta ta, ya kusanta ta, ya karkata ta wajen haske, har hancinsa ya kusa taɓawa. Wani tsoho daga baya ya ce, "Malam, a hankali dai." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa.

Na ce, "Ɗigo biyu ne. Ɗaya ni, ɗaya tulu. Nuna ni."

Ya daɗe. Can ya ɗora farce a kan na dama.

Na ce, "Tulu ne."

Dariyar ta fashe, har Mamman ya rufe baki da hannun riga. Liman ya ce to na hagun ke nan. Na ce ai yanzu ko makaho ya faɗa. Ya miƙo takardar yana gyaran murya, ya ce shi dama abin da ya ce a yi hattara ne, mutane suka zarce. Ya ce wanda ya ga zai iya cire rufinsa, ya cire. Ba wanda ya tuna masa yadda ya faɗa da farko, ni ma ban tuna masa ba.

A hanya Mamman ya rage murya ya ce, "Iya, don Allah, da gaske na daman tulu ne?"

Na ce, "Ina na sani? Da ya nuna na hagu, shi ne tulu."

Malam Habu ya ɗaga alƙalami a nan yana tambaya ko a rubuta wannan. A rubuta. Liman ya riga ya ji, ya ce in ya sake ganina da takarda zai tashi daga wurin.

Washegari da sassafe ban jira Mamman ya dawo daga masallaci ba. Na ɗauki wuƙar yankan kuɓewa na hau turmi na tsinke igiyoyin, Hauwa na ja daga ƙasa, toka da kashin ɓera na zubo mana a ka. Da rana ta faɗo tsakar gidan, na karɓi yaron na zaunar da shi a ƙwarya a tsakiyar fili, na yi masa wanka da ruwan sanyi. Muna cikin yi jirgin ya taso daga bariki. Hauwa ta zabura za ta shige ɗaki. Na ce ta dawo ta miƙo mini sabulu.